Yadda Na Ci Ciyaman Ina Tsaye Cikin Taya

Tun da na hango ku kun shigo garejin nan ku uku da sababbin huluna na san ba gaisuwa ce ta kawo ku ba, ƙuri'a kuke nema. To, bismillah, ga benci, amma ku tattare shaddarku, akwai baƙin mai a gefen. Kai Lawan, an ce ciyaman kake so ka zama na ƙungiyarmu ta masu gyaran motocin asibiti da na 'yan kwana-kwana. Madalla. Na ga fostar taka a bakin tasha, ka riƙe sifana kana murmushi, sifanar ko tabon mai babu. Ni Gambo na zauna a kujerar nan har sau biyu, kuma kafin in ce maka e ko a'a sai ka ji yadda na same ta. A ranar zaɓen, lokacin da ake ƙirga mana mutane, akwai wani bawan Allah kwance a bayan mota cikin yashi yana zubar da jini, kuma ni yake jira.

Amma bari in faro muku daga baya, don ku san irin aikin da kuke son shugabanta. Motar asibiti ta farko da na sa wa hannu a garejin maigidana Ba Modu ne, can bayan tashar jirgin ƙasa a nan Nguru. Babarbare ne, gajere, ba ya maimaita magana. Shekarata ta huɗu ke nan a wurinsa, uku daga ciki ba abin da nake yi sai wanke noti da kananzir da miƙa sifana. Ran nan ya ce in canza wa motar sifirin na baya. Na canza, na ɗaure, na tayar da inji, yana ta kiɗa lafiya lau, ni kuwa sai hura hanci nake. Ba Modu ya buɗe ƙofar baya ya ce, "Hau ka kwanta."

Na ce, "Baba, a gadon da ake ɗaukar gawa?"

Ya ce, "Gadon ya fi ka tsabta. Kwanta."

Ya cika kofin silba da ruwa ya ɗora mini a ƙirji, ya shiga gaba ya ja mota, ya bi da ni ta hanyar bayan kasuwa inda ramuka suka fi kwalta yawa. Kafin mu sha kwana ta biyu ruwan ya ƙare a hancina da kunnuwana, haƙarƙarina kuwa sai da ya yi kwana uku yana ciwo. Da muka dawo ya ce, "Kai da lafiyarka ka ji haka. Yanzu sa mai naƙuda a wurin, ko wanda ƙashinsa ya karye." Ashe sifirin ɗin motar kaya na saka, don shi na gani a kusa, kuma ya shiga daidai. Na kwance shi da yammacin nan, Ba Modu yana zaune a kan tsohon batir yana cin goronsa.

Ku da kuke ganin aikin nan wasa ne don kuna da na'urar da ake soka wa mota ta faɗi ciwonta, ku kai ta ƙauyukan bayan Katuzu da damina ku soka mu gani. Ni kayan aikina ba su wuce akwati ɗaya ba. Sifanu ne, da filaya, da dogon sukundireba da nake dafa wa inji in kara kunne a ƙotarsa in ji inda yake kuka, sai tsohon tyub da nake yankawa siri-siri, wanda ya tayar da motoci fiye da duk wani kantin kayan gyara a Gashuwa. Masu kawo mana aiki kuwa, sai dai Allah ya shirya. Ban taɓa ganin jami'in da ya zo karɓar mota ya taka birki ba. Jiniya zai ce a kunna. In ta yi kuka sai ya gyaɗa kai ya ce aiki ya yi kyau, ko da tayar gaba tana rawa. An taɓa kawo mini wata motar kwana-kwana, fenti ja wur, jiniya kamar za ta tsaga kunne, amma da na kunna famfon ruwa sai ga ƙadangare ya leƙo ta bakin tiyo. Ya dube ni, na dube shi, ya koma ciki abinsa.

Shekarar amai da gudawa ce ta haifi ƙungiyar nan, kuna ƙanana lokacin. 'Yan motocin da ke tsakanin Nguru da Gashuwa ba sa hutawa, a sauke wannan a koma a ɗauko wancan, kuma duk sawu sai an wanke cikin mota da ruwan kulorin. Ba wanda ya gaya mana kulorin yana cin ƙarfe. Kafin wata biyu daɓen motoci ya huje, bututun birki ya ruɓe ta ƙasa inda ruwan yake tsiyaya. Wata ta taho da marasa lafiya huɗu, direba ya taka birki ya ji wayam, sai gonar gero ce ta tare su. Aka kama bakaniken da ya taɓa ta na ƙarshe aka tsare shi kwana uku, alhali ƙwan fitila kawai ya canza mata. A nan muka ce dole mu haɗu mu samu mai yi mana magana, a kuma sassaƙa hatimi guda, ciyaman ya riƙe, duk motar da aka gyara sai ya duba ya buga kafin ta ɗauki marar lafiya. Wallahi da kyakkyawar niyya aka fara. Hatimin ne ya lalata mu. Tun da aka ga mai hatimi ana ba shi kujerar gaba a taro, ana buɗe masa lemo, ana ce masa ranka ya daɗe da hannunsa duk girisi, sai kowa ya tuna ashe shi ma an haife shi da jinin mulki.

Zaɓenmu na farko da takarda muka yi, irin na gwamnati, a dangwala yatsa. Mun manta mu kanikawa ne. Duk wanda ya taɓa takarda sai ya bar mata yatsu biyar, da aka buɗe kwali aka tarar kowace ƙuri'a ta zaɓi kowa. Sai aka koma bin layi, ɗan takara ya tsaya, masoyansa su jeru a bayansa, a ƙirga kawuna. Nan ma wani ɗan takara da ya ga layinsa ya gajarce ya ce fitsari ya matse shi, ya zaga baya, ya dawo da mai shayi da masu faci biyu da wani baƙo da ya tsaya tambayar hanyar Dapchi. Ni ne sakatare a lokacin, kuma ni na kawo maganin abin, har ana ta yaba mini basira. Na rubuta doka cewa za a ajiye wa kowane ɗan takara tsohuwar taya a ƙasa, ya shiga ya tsaya a ciki. Daga shigarsa har a gama ƙirga, in ƙafarsa ta fita, ya janye ke nan. Wanda ya bar layi kuma, ƙuri'arsa ta bi shi. Na rubuta babu uzuri, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Motar da nake so ku riƙe a ranku farar bas ce mai shan gas, ta wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye bayan Dagona, cikin fadama. Direbanta Bukar, mutum ne mai sanyin hali, shekara da shekaru ni kaɗai yake kawo wa ita. Saura kwana goma zaɓen da na tsaya takarar ciyaman ya kawo ta, ya ce tana shaƙewa in ta hau yashi. Na shiga ƙarƙashi na lalubo. Bututun da ke kai mai daga tanki ne ya tsage ta saman giyabos, wurin da ido ba ya kaiwa sai hannu, yana zuƙar iska. Injin gas kuwa in ya sha iska ya mutu, sai an toshe inda take shiga an fitar da ta ciki. Gyaran gaskiya shi ne a sa sabon bututu, aikin rabin yini. Ni kuwa ina da mutum huɗu a Gashuwa da zan je in gaisar, waɗanda rabona da gidajensu tun sunan 'ya'yansu na fari. Na naɗe wurin da tyub, na ɗaure tam, na ce wa Bukar, "Je ka, bayan zaɓe ka dawo in yi maka na dindindin."

Abokin takarata Sale Dogo ne, ɗan Gashuwa, jikan 'yan kasuwar Haɗeja, bakinsa zaƙi kamar an shafa zuma. Ba laifi a aiki, ranar da ya ga dama. Amma mako uku ya yi yana yawon neman jama'a, motar asibiti guda ɗaya da za a iya kira a kusa tana garejinsa a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya a jikinta. Ba zarginsa nake ba, nawa ma kun ji shi yanzu.

Shekara ɗaya a Nguru ake zaɓe, ɗaya a Gashuwa, wannan karon na Gashuwa ne. Ranar Asabar ce, ƙarshen damina, da hantsi, a filin wata makarantar firamare ƙarƙashin darbejiya. Shugaban kwamitin zaɓe Alhaji Grema ne, tsohon mai rewaya, wato gyaran wutar mota, kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan kuma abin da ya ga dama yake ji. Aka ajiye tayoyi biyu. Sale ya shiga tasa, na shiga tawa, mutane suka jeru. Na waiga na ƙirga da ido, na ga na fi shi da mutum ɗaya tak. Shi ma ya ƙirga, don nan take ya ɗaga hannu ya ce akwai masu fenti biyu a layina, ba kanikawa ba ne. Na ce to ga mai wankin mota nan a nasa, da wani da ko sunansa ba mu sani ba. Alhaji Grema ya ji daɗi ƙwarai, ya samu aiki. Ya sa aka buɗe injin motar kwana-kwanan da ta kwaso mutanen Sale da sunan gwaji, ya ce duk wanda ake shakkarsa ya zo ɗaya bayan ɗaya a jarraba shi. Na farko aka ce ya nuna lagireto, sai ya nuna ham. Aka shiga gardama ko ham ma ai kayan mota ne.

Muna cikin haka wayata ta yi ƙara. Bukar ne.

"Oga, mota ta mutu. Mun wuce Dagona kaɗan, muna cikin yashi, da sauran tafiya kafin kwalta. Ina ɗauke da mutum, Malam Isa manomin shinkafa, kububuwa ta sare shi a gona tun da safe. Jini yake ta dasashi. Asibitinmu babu allurar saran maciji, sun ce maza Gashuwa."

Tun bai rufe baki ba na san mene ne. Na ce ya danna famfon da ke kan filta. Ya ce, "Ina ta dannawa, oga, ba ya tauri." Tyub ɗin nan ne ya zame. Duk faɗin ƙasar Bade ba wanda ya san inda yake sai ni, kuma a kan mashin tafiyar rabin awa ce daga inda nake tsaye.

Na ɗaga murya na ce, "Alhaji, a dakatar da zaɓe, akwai marar lafiya a hanya!"

Alhaji Grema ya ce, "Me?" Na maimaita. Ya ciro takardar doka daga aljihu, ya gyara tabarau, ya karanta a tsanake har ya zo ƙarshe. "Babu uzuri. Har da layi biyu a ƙasa. Gambo, rubutun wa ne wannan?"

Sale ya juyo ya dube ni, fuskar nan tasa cike da tausayi, ƙafafunsa kuwa ko motsi. "Haba Malam Gambo, ai rai ya fi kujera. Ka je kawai, Allah ba zai bar ladanka ya faɗi ba."

Na ce, "To mu fita tare, a sake rana."

Ya ce, "Ni ai ba motata ba ce."

Wani ya kawo shawara a tura mutum ɗaya daga kowane layi, don kada a cuci kowa. Kowa ya ce wannan shawara ta yi. Sai aka ce ai wanda za a tura dole ya zama wanda ƙuri'arsa ta tabbata, in ba haka ba wani zai tura mai wankin mota ya ce ya ba da nasa. Saboda haka a bari a gama tantancewa tukuna. Ku duba fa, kanikawan motar gaggawa na garuruwa biyu kaf muna fili ɗaya, da akwatunan kayan aikinmu a ɗaure a bayan mashina. Na waiga layina ko wani zai ce, oga kwatanta mini wurin in je. Kowa ya duƙufa yana nazarin takalminsa.

Bukar yana kan waya har yanzu, yana ta "Oga? Oga?" Sai na ce masa abin da kowane bakanike yake faɗa. Na ce, "Ga ni nan tafe."

Kun san wannan magana, ku ma kuna faɗarta. Bakanike yana gaban kwanon tuwo zai ce ga shi nan tafe, yana banɗaki da sabulu a ido zai ce ya kusa. Masu mota sun sani, in suka ji sai su nemi inuwa su zauna, mai wayo ma ya nemi wani. Amma Bukar ban taɓa yi masa ita ba. Duk shekarun nan in na ce ga ni, to ga ni ɗin ne. Saboda haka ya yarda.

Bayan kamar minti ashirin ya sake kira. "Oga, ga wata a-kori-kura ta zo, ta ɗauko buhuna za ta Gashuwa. Direban ya ce zai taimaka. In mayar da shi can? Sai dai an sa masa ƙarin ruwa, bayan motar kuma buhuna ne da rana. Kana ina yanzu?"

A daidai lokacin Alhaji Grema ya ce saura mutum biyu a gama. Ni kuwa abin da ya zo mini a rai, kuma zan faɗa muku shi yadda yake, shi ne in aka shigo Gashuwa da marar lafiya a kan buhuna, kafin la'asar duk gari ya san motar Gambo ce ta mutu a hanya ranar zaɓe. Na ce, "Kar ka wahalar da shi a kan buhuna. Na kusa, minti goma."

Kowa ya ji ni. Ina tsaye cikin taya, a gaban jama'a, na ce na kusa. Ko Sale bai yi dariya ba.

Mutum biyun nan suka ci mana minti arba'in, don ɗaya ya nuna batir daidai amma aka ce wani ya yi masa ishara da gira. Sannan aka fara ƙirga. Alhaji Grema ya ƙirga ya manta ko ya sa ɗan takara a ciki, ya sake. Ya sake na uku saboda wani ya sunkuya yana gyara takalmi. Daga ƙarshe ya ɗaga hannuna ya ce na ci da mutum ɗaya. Aka ɗauke ni sama, aka kunna jiniyar motar kwana-kwana, Sale ya rungume ni ya ce dama shi bai damu da kujerar ba. Aka miƙo mini hatimi aka ce in tsaya a ɗauki hoto. Na tsaya aka ɗauka. Wannan ma ku riƙe shi. Sai bayan hoton na hau mashin.

Na same su inda Bukar ya kwatanta, ƙofofin mota a buɗe. Bukar yana yi wa mutumin fifita da kwali, wan Malam Isa yana tsaye ya ɗaga ledar ƙarin ruwa da hannu, ta kusa ƙarewa. Ƙafar ta kumbura har cinya, zanen da aka sa masa a baki ya yi ja. Ban iya duban fuskarsa ba. Na shige ƙarƙashi, na zura hannu ta saman giyabos, na ji tyub ya saki saboda zafi. Na yanko sabo na naɗe, na fito na danna famfo ya yi tauri, na sassauta noti iska ta fita, na ce, "Tayar." Ta tashi a bugu ɗaya. Duka-duka aikin bai kai minti biyar ba. Bukar ya rufe ƙofa ya ja mota, na bi su a baya har ƙofar asibiti.

An yi masa allurar. Washegari da hantsi ya rasu. Ban tambayi likita ko da an kawo shi da wuri zai tashi ba, don tsoron amsar nake, ko wacce ce. Kwanansa ne ya ƙare, haka kowa ya ce, ni ma haka na ce, kuma gaskiya ne. Amma awa biyun nan da ya yi cikin yashi ni na sa shi ya yi su, kuma har yau in na tuna kunya ce take kama ni.

Ranar sadakar uku na je ƙauyen ta'aziyya. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, manoma da masunta sun cika wurin. Na gaisa na nemi gefe na zauna kusa da Bukar. Wan mamacin yana ganina ya taso ya kama hannuna da hannu biyu, ya juya wajen jama'a.

"Jama'a, ku ga mutumin kirki. Wannan ne bakaniken da nake ba ku labari. Garejinsa a Nguru yake. Ana kiransa ya bar abin da yake yi ya hau mashin, cikin ranar nan, duk nisan nan, don ɗan'uwanmu da bai taɓa gani ba. Muna ta ganin ya daɗe, ashe hanya ce da tsawo." Ya sunkuyo ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. "Ko ba daga Nguru ka taso ba, Malam?"

Na ce, "Daga Nguru."

Liman ya ce a yi wa bawan Allah addu'a. Aka ɗaga hannu ana sa mini albarka, ni da iyayena da zuriyata. Bukar yana gefena a tabarma ɗaya, hannuwansa a kan gwiwa, bai ɗaga ba.